Sunan da Bai Shiga Faifai Ba

A zamanin Turawa, 'yan shekaru bayan sojoji sun dawo daga yaƙin Bama, an yi wani makaɗin kukuma a Wurno ana ce masa Mainasara. Lokacin da labarin nan ya fara, shi ba kowa ba ne. Rigarsa ta fita kunya ɗaya ce, kukumar kuwa ta gado ce, ƙoƙonta ya tsage an ɗinke har sau biyu. In ya ratsa majalisa ya yi sallama, da gefen baki ake amsa masa, in ya ba da baya a ce Allah ya shirya. Amma murya, kai! Allah ya ba shi murya, wannan ko mai ƙinsa bai taɓa musawa ba.

Ban da kukumar, abu biyu ya gada wajen ubansa. Na farko, da ya ɗora tsagiya ya fara waƙa sai ya runtse ido, ba ya buɗewa sai ya dire, ko jaki ne ya taka masa ƙafa. Na biyu, jerin sunaye. Tsohon ya koya masa cewa makaɗi yana fara ambaton waɗanda yake tsoro, wato manyan gari da masu iko, sa'an nan ya gangaro kan waɗanda ke ciyar da shi, fatake da manoma da mahauta, sai can ƙarshe, bayan ya sallami kowa, ya kira wanda ke cikin ransa. Shi tsohon da sunan uwar Mainasara ya riƙa rufe waƙa har ya koma ga Allah. Ni dai ban ga laifinsa ba, a zamaninsa babu garmaho.

Wadda Mainasara ke rufe waƙa da ita sunanta Habi. Bazawara ce 'yar Tursa, mijinta ya rasu, tana toya masa, wato waina, duk ranar kasuwar Achida. Ba fara ba ce, ba doguwa ba, kuma tana da baki, Allah shi ne shaida. Mainasara yakan shimfiɗa buzunsa ƙarƙashin tsamiyar da ke kallon murhunta, bayan azahar ya fara doguwar waƙarsa, wadda in ya kama ta sai la'asar ta yi sakaliya. Kafin ya gama da manya da masu kaya, kasuwa ta fara watsewa, 'yan kallo sun kama jakunansu. Sai ya sassauta murya ya ce:

Habi ta Tursa mai tanda,
Kowa ya tashi, ke kin zauna.
Na sallami masu gari da masu kaya,
Saura ke, saura ni, saura hanya.

Ita kuwa ba ta ko ɗaga kai. Tana kankare tanda za ta ce, "Kai dai ba ka gajiya da surutu. Amshi kar su huce." Sai ta turo masa masa a akushi, irin masu ɓawon gefen nan da ta san yana so, ta ware su tun da rana. Haka suka yi shekara huɗu.

Abin da ya hana aure kuwa yayanta ne, Attahiru, manomin albasa a fadamar Tursa, shi ne waliyyinta tun da ubansu ya rasu. Sau biyu Mainasara yana aika dattawa ana koro su. Na uku ya je da kansa. Attahiru bai ko ce ya hau tabarma ba, a tsugune ya bar shi bakin zaure.

"Mi? Maroƙi ɗan maroƙi shi zo gidanga neman aure? Mu nan gumi munka sani, ba roƙo ba."

Rana ta yi zafi, Mainasara ya roƙi ruwa aka kawo masa. Yana ajiye ƙwaryar, Attahiru ya ce a kai wa kaji ita, ta zama tasu. A gabansa ya faɗa fa, ba bayan idonsa ba.

Habi da ta ji, ta ce to shi ke nan, in ba Mainasara ba a bar ta da tandarta. Manema suka yi ta zuwa tana sallamarsu. Akwai wani masunci ɗan Goronyo, Mode, mutum mai shiru-shiru da ke kawo banda kasuwa, shi har sau biyu ya nema, sau biyu ta ce ya yi haƙuri. Ya ce ba komai, ya ɗauki kwandonsa.

Ana nan, wata kaka, sai ga wani tafinta mai kwat da wando, Ƙasimu Bazazzagi, ya sauka daga motar Sakkwato yana cigiyar makaɗa. Wai wani kamfanin Turawa ne ya zo da na'ura, yana ɗaukar muryoyi a zuba cikin faifan garmaho. Mutanen Achida sun san garmaho, don Lawwali tsohon soja yana da ɗaya da ya dawo da shi daga Bama. Yakan ɗora shi kan teburinsa na sabulu da ashana ya murɗa, mutane su taru jin abin mamaki, shi kuma ya yi ciniki. Ƙasimu ya tsaya gindin tsamiya ya ɗan saurara, ya ce wa Mainasara ya same su Sakkwato jibi.

Ranar Mainasara ko masar bai iya ci ba don murna. Ya ce, "Habi, wanga karo sunanki har Ikko sai an ji shi."

Ta ce, "Mi za ni yi da Ikko? Su ka sayen masata?"

Haka ta ce da baki. Amma kafin mako ya zagayo babu macen da ke toya ko tallar wani abu a Achida da ba ta ji cewa sunan Habi zai ƙetare teku ya dawo ba, kuma daga bakin Habin suka ji.

A hanyar Sakkwato ne dabara ta zo wa Mainasara, irin dabarar nan da mutum ke yi har ya yi wa kansa murmushi. Ya ce a ransa, in Attahiru ya ji sunansa cikin akwatin Bature, kusa da na manya, ai ko zuciyarsa ta dutse ce sai ta yi laushi. Nan cikin mota, bisa buhunan gero, ya tsara masa baiti, ya soka shi gaba-gaba, bayan manyan gari da kaɗan, wurin da ko attajiran Wurno ba su taɓa samu ba.

A Sakkwato aka shigar da shi wani ɗakin ajiya a bayan kanti, an rataye barguna a bango. Bature na zaune bayan na'ura, ya yi ja wur don zafi, ya toshe kunnuwansa da wasu abubuwa. Ƙasimu ya nuna wata 'yar jar fitila ya ce, "Ka ga wannan? In ta kama, ka fara. In ta mutu, ka tsaya. Ka gane?"

Mainasara ya ce ya gane sarai. Fitila ta kama, ya yi bismilla, ya runtse ido.

To, kai da nake ba labari ka riga ka hango inda aka dosa, shi ne bai hango ba. Faifan wancan zamani ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti uku. Ya gai da manya, ya shigo baitin Attahiru yana jan shi da daɗi:

Attahiru na Tursa sarkin albasa,
Kai ka noma Tursa, Ikko ka hawaye.

Ya maimaita sau biyu, fitila ta mutu. Ƙasimu ya miƙa hannu zai taɓa shi, Bature ya ɗaga yatsa ya hana, wai kada a katse wa bawan Allah jin daɗinsa. Ka ji kirki! Ya cire abin kunnensa, ya cusa taba a lofe, aka kawo masa shayi ya sha, ya ƙara. Mainasara yana nan ido rufe yana bin fatake da mahauta ɗaya bayan ɗaya. Da ya iso kan Habi, wallahi bai taɓa rera baitin nan kamar ranar ba, har hawaye suka gangaro masa cikin gemu. Ya dire, ya buɗe ido, ya ga fitila a mace kamar yadda aka ce. Bature ya tashi ya ba shi hannu yana ta gyaɗa kai. Mainasara ya koma gida ya ce wa Habi komai ya shiga.

Sai da aka yi wata shida kafin faifan ya dawo daga Ingila. Lawwali ne ya fara sayo shi, ya sa aka yi shela cewa ranar kasuwa za a ji ɗan Wurno cikin akwati. Kai, ranar Achida ta cika, har daga Rabah mutane suka zo a ƙasa. Habi ta ɗauro zanenta na salla, ta zuba ƙullu a tanda, ta ce yanzu za ta dawo. Mata suka buɗa mata ta zauna gaba, dab da tebur. Mainasara na tsaye gefen akwatin yana ta gyaran wuyan riga. Attahiru ma ya zo, ya tsaya can nesa bayan masu igiya, wai shi hanya ce ta biyo da shi.

Lawwali ya murɗa hannun, ya ɗora allura. Sai ga kukuma, sai ga muryar Mainasara tana fitowa daga akwati alhali ga shi tsaye bakinsa a rufe. Wuri ya ɗauki salati. Aka wuce manya, aka zo kan albasa, jama'a suka fashe da dariya da sowa, aka waiwaya ana neman Attahiru ana nuna shi da yatsa. Ikko ka hawaye, Ikko ka hawaye, sai allura ta shiga wani shuuu, shuuu, ba kiɗa ba waƙa.

Mainasara ya ce, "Mi yaf faru? Ta gaji?"

Lawwali ya ce, "Iyakarta ke nan."

"Iyakar mi? Ko rabin rabi ba a yi ba!"

Habi ta ce a hankali, "Lawwali, juya bayan. Wataƙila can nike."

Aka juya. Waɗansu makaɗan kalangu ne 'yan Gusau suna wasa wani ɗan dambe. Ta zauna ta saurare su har ƙarshe, ko da za a ce wani abu. Ta ce a mai da na farko, wataƙila murɗawar ce ba ta isa ba. Lawwali ya murɗa har hannun ya ƙi gaba. Aka sake isowa albasa, allura ta sake shiga shuuu.

Turai mai daddawa, wadda dama sun daɗe ba sa ga maciji da Habi, ta ce da ƙarfi, "Habi, ko jirgin ya yi nauyi anka sauke ki hanya?"

Mata suka kwashe da dariya. Daidai nan ƙaurin masa ya iso, tandar da ta bari ta ƙone ƙurmus. Habi ta tashi, ta kaɗe zanen sallarta, ta tafi. Mainasara ya yunƙura zai bi ta, ina! Mahauta sun riga sun sungume shi sun ɗora a kafaɗa, ana zagaya kasuwa da shi. Yana ta ihu, "Ku sauke ni! Ba ta ƙare ba! Akwai saura!" Su kuwa suna cewa ku ji mutum mai kunya, duk da ɗaukakar nan bai ɗauki kansa komai ba.

Daga ranar duniya ta juyo wa Mainasara gabanta. Majalisar da ke amsa masa da gefen baki yanzu in ya doso sai a miƙe, kowa na cewa namu ne, gabanmu ya girma, ni na san yaron nan zai yi abu. Mutanen Wurno da na Rabah har cacar baki suka yi a kan ko na wa ne, don an tuna uwarsa 'yar Rabah ce, matar da ranar da ta mutu ba su fi mutum goma a jana'izarta ba. Riguna suka yi ta zuwa. Wani falke ya ba shi keke sabo fil. Attahiru kuwa, masu motar Kano suka riƙa sauka Tursa suna tambayar albasar cikin waƙa. Duk ranar kasuwa sai ka gan shi gaban teburin Lawwali, ya harɗe hannu a baya, yana jira waƙa ta zo kan baitinsa.

Duk wannan bai dami Mainasara ba, shi abu ɗaya ke cin ransa: Habi ta daina ware masa masu ɓawon gefe. In ya gaishe ta za ta amsa, lafiya lau, kamar yadda take amsa wa mai karɓar kuɗin rumfa. Ya je Sakkwato ya sami Ƙasimu, ya ji yadda aka yi da fitila, ya dawo kamar ya haɗiye kukumar don takaici. Ya ce to, abin da akwati ya ƙi ɗauka, shi zai faɗa da bakinsa gaban duk Achida, yanzu da jama'a ba ta tashi ta bar shi.

Ya zauna gindin tsamiya, mutane har bisa rassa. Ya runtse ido ya fara, suna bin sa baki da baki, don kowa ya haddace. Aka zo albasa aka yi sowa. Ya ja tsagiya zai wuce kan fatake, sai jama'a gaba ɗaya suka yi shuuu, shuuu, suna kwaikwayon allura, suna dariya.

"Ta ƙare! A sake daga fari!"

Ya daure ya ci gaba. Wani mahauci ya kama masa gwiwar hannu yana juyawa, wai yana murɗa garmaho. Wani dattijo, wanda shekara huɗu yana wuce tsamiyar nan bai taɓa tsayawa ba, ya ce, "Yaro, ba haka take ba. Ka mance waƙar taka ne? Je ka wurin Lawwali ka ji yadda ake yin ta." Sau biyar ya fara, sau biyar suna tsai da shi kan albasa. Da ya buɗe ido, Habi ta daɗe da naɗe kayanta.

Ba a yi wata ba sai ga aike daga Tursa, Attahiru na neman sa. Wannan karon sabuwar tabarma aka shimfiɗa cikin zaure, aka kawo fura mai nono a ƙwarya. Mainasara ya ƙura wa ƙwaryar ido, don ta yi masa kama da wadda ya sani, amma ya sha.

Attahiru ya ce, "Ai ni tun fari ban ƙi ba, bincike nike. Aure ba a yin shi da gaggawa. Yanzu na bincika, na ga kai mutumen kirki na. Na ba ka Habi." Ya ƙwala mata kira, ya fita ya ba su wuri, yana tafe yana Ikko ka hawaye a ƙasan maƙoshi.

Habi ta shigo ta zauna bakin ƙofa. Mainasara ya matso kaɗan.

"Habi, Yaya ya yarda."

"Na ji. Tun safe shike shela."

Ya kwashe labarin fitila ya gaya mata, da rufe ido, da shayin Bature, da hawayen da ya yi a kan baitinta. Ta saurara har ya gama.

Ta ce, "Na yarda. Ban ce ƙarya kay yi ba."

"To mi ya rage?"

"Kai kac ce mani tsohonka ya ce ba a taɓa jerin sunaye. Na tsoro gaba, na abinci tsaka, na rai ƙarshe. Shekara huɗu ina jira kasuwa ta watse in ji sunana, ni da awaki. Ban taɓa cewa komi ba, na ce gado na, ba a canza shi. To, Yaya fa? Da can ina shike cikin jerin?"

"Ba shi ciki."

"Ranar Bature fa?"

Mainasara ya dubi ƙwaryar furar.

"Ashe ana taɓawa. Ka ɗauko mutumen da yab bai wa kaji ƙwaryarka, ka kai shi gaba kusa da manya. Ni da nib ba ka masa shekara huɗu, ka bar ni inda kas saba barina."

"Don ke niy yi, Habi! Don shi yarda!"

"Na sani. Ga shi kuwa ya yarda." Ta miƙe ta ɗauki ƙwaryar furar. "Sai ka aure shi."

Maganar ta yi masa zafi ƙwarai, kuma abin da ya ƙara mata zafi, ya duba ya duba bai ga inda ta yi ƙarya ba. Attahiru da ya ji, ya tayar da gidan da faɗa, wai ƙanwarsa za ta ƙi mutum irin wannan, ɗan asali, wanda har Turawa sun san darajarsa. Ɗan asali fa ya ce! Ya kai ƙara wurin liman, liman ya ce bazawara ita ke zaɓa wa kanta. Ta aika wa Mode ɗan Goronyo cewa in har yanzu yana nan kan bakansa, ya turo. Kafin ruwan farko an ɗaura. Shi Mode da aka tambaye shi ko ya ji faifan nan da ake ta magana, cewa ya yi bai samu sukuni ba tukuna, kifi ba ya jira.

Da kaka ta zagayo Turawan suka dawo, yanzu da mota aka zo ɗaukar Mainasara har gida. Ya shiga ɗakin barguna, ya zauna, ya zuba wa 'yar fitilar nan ido ko ƙiftawa ba ya yi. Tana kamawa ya yi bismilla, bai gai da babba ba, bai gai da ƙarami ba, ya faɗa kan Habi. Tsohon baitin bai yiwu ba, don ba a fara waƙa da cewa kowa ya tashi. Sabo ya tsara:

Habi ta Tursa, da ke nif fara,
Mai idon da ka tsai da kasuwa.

Haka ya yi ta kiran sunanta har fitila ta mutu, ya tsaya cak. Ƙasimu ya ce, "Malam, ba ka ambaci manya ba fa. Ba ka jin tsoro?" Mainasara ya ce wadda yake tsoro ta riga ta yi masa abin da za ta yi.

Allah da ikonsa, na farko ashe wasa ne. Wannan faifan shi ya game ƙasa. Akwatin rediyo na bakin kasuwar Sakkwato ba ya wuni bai sa shi ba. Direbobi suka rubuta Habi ta Tursa a goshin motocinsu. Aka kawo wata atamfa mai ɗige-ɗige, mata suka sa mata suna Idon Habi, amaryar da ba a sa mata ita a lefe ba sai ta yi yaji. Jariran da aka raɗa wa Habi a shekarar ba su ƙirguwa. Manyan da aka tsallake ko fushi ba su yi ba, su ne ma ke aikowa a zo a yi musu Habi a bikin 'ya'yansu. A Sakkwato mata uku suka fito kowace ta ce ita ce, a Gusau ɗaya, har da mai rantsuwa. Samarin Kano da ba su san ta ina ake shiga Tursa ba suna ba da labarin cewa fara ce sol, doguwa, gashi har baya. Duk ƙasar nan ta kamu da son Habi. Attahiru kuwa ya bar wa ƙannensa gona, ya koma bin Mainasara kasuwa-kasuwa yana riƙe masa keke, duk wanda ya tsaya sai ya ce masa, "Ni na na albasa, kuma ni ad yayan Habi."

Shekara ta juyo, 'yan kasuwar Goronyo suka aiko suna gayyatarsa. Bai bari manzon ya gama magana ba ya ce ya amsa.

Tun daga bakin kasuwa ya hango ta. Tana zaune gaban murhu da goyo a bayanta, tana juya masa da tsinke, ta ɗan yi ƙiba. Jama'a na biye da shi ya nufi wurin. Ta ɗago ta ce, "Sannu da zuwa, Malam Mainasara. Ya hanya?" Ta gai da yayanta, ta koma kan tanda.

Wata mata na tsugune tana sayen masa, sanye da Idon Habi sama da ƙasa. Ta ce, "Af, an ce ke ma 'yar Tursa ta, kuma Habi sunanki. Ko dai ke ta?"

Habi ta ce, "A'a. Ni matar Mode ta."

Matar ta yi dariya ta ce, "Ni ma dai nac ce! Waccan ai an ce in ta fito kasuwa tsayawa takai." Ta ƙulle masarta ta ruga neman wuri gaba, kada a fara ba ta kusa.

Mainasara ya ce a shimfiɗa masa buzu nan, daidai inda ke kallon murhun. Aka ce Habi, Habi muke so! Ya yi musu Habi, suka karɓe waƙar daga bakinsa suna rerawa har ba a jin kukuma, maza da mata, wasu na share hawaye. Ya saci kallonta, tana juya masa, ba ta ɗaga kai ba. Sai wani sanyi ya ratsa shi, don ya tuna ai a Achida ma ba ta taɓa ɗaga kai ba. Allah sarki, ɗan Adam da sa rai.

Bayan azahar ya gyara zama, ya ce yau tsohuwar waƙa zai yi, kuma ko sama za ta faɗo sai ya kai ta ƙarshe. Ya runtse ido. Aka bi shi har albasa, aka yi sowa, aka yi masa shuuu. Ya wuce. Aka ce ta ƙare, ya wuce. Aka ce a koma Habi, ya shiga fatake. Wani ya ce girman kai ya kama shi, wani ya ce tsufa ne. Ya ji suna tashi ɗaya-ɗaya, sa'an nan biyar-biyar, kuma tun da ya yi suna bai taɓa jin daɗin wata ƙara kamar ƙarar takalman nan masu tafiya ba. Ya bi manoma, ya bi mahauta, har da waɗanda suka mutu. Ya ji ana kwance rumfuna, ana ɗora wa jakuna kaya. Wuri ya yi tsit, sai kukan awaki. Amma akwai mutum ɗaya da bai tashi ba, yana jin motsinsa, yana jin numfashinsa, nan gabansa kaɗan. Ya sassauta murya:

Kowa ya tashi, ke kin zauna.
Na sallami masu gari da masu kaya,
Saura ke, saura ni, saura hanya.

Ya dire. Ya daɗe kafin ya yarda ya buɗe ido.

Duwatsun murhu uku ne a wurin, an kwara wa tokar ruwa, ko hayaƙi ba ta yi. Ba tanda, ba akushi. Mode ya zo tun kafin la'asar ya ɗaukar mata kaya, sun tafi gida. Gaban buzun kuwa Attahiru ne zaune, ya jingine keke a kafaɗa, ya kasa kunne tun ɗazu ko sunansa zai sake fitowa.

Ya ce, "Wanga na ƙarshe bai kai ba, Mainasara. Shi ya sa Bature bai ɗauka ba. Maido mu wajen albasa."

Mainasara ya dubi tokar nan, ya dubi Attahiru. Sai ya shafa wa tsagiya ƙaro, ya koma wajen albasa.